Ƙirgi a Cikin Injin Sallau

Zango, Damagaram. Kakar shekarar 1958.

Litinin, bayan Azahar

Motar Sallau ta yi wata murya da ba tata ba.

Shekara huɗu ke nan ina jin tashinta kowace safiya ta bayan katangarmu, inda yake ajiye ta a ƙarƙashin tsamiyar Ba Kyari mai gyaran mota. Na san tarinta, na san gurnaninta. Yau da ya tashe ta sai na ji wani abu daga can ƙasa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana daka a turmin da ya tsage. Kowace mace ta san wannan. Turmi mai tsaga ba ya amsa taɓarya yadda mai lafiya yake amsawa.

Na gaya masa da ya shigo shan fura. Ya yi dariya ya ce, "Inna, tsufa ne. Sa'arki ce, ita ma gwiwa ke damunta."

Na ce, "Ni gwiwata ba za ta kai kowa Kano ba."

Sai ya daina dariya, ya dubi ƙofa. Wasila surukata ma ta dubi ƙofa. Haka muke a gidan nan yanzu, kowa ya yi magana sai ya dubi ƙofa.

Ni ce Delu. Maigidana baduku ne, Allah ya ji ƙansa. 'Ya'yana maza biyu. Sallau ne ƙarami, shi ke tuƙa motar Alhaji Mai Nasara. Babban ɗan fari ne, ba na kiran sunansa. Unguwa tana ce masa Mushe, wato malam a bakin Faransi, don yana koyarwa a lakwal, makarantar boko. Wasila matarsa ce. Shi ya koya mini boko bayan na haura hamsin, wai don in daina zama ina kallon akwatin ubansa. Ranar farko ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙasa, ya ce, "Inna, bismilla. Ai ba kira ba ne, rubutu ne." Na kai masa duka da mafici. Ban rubuta ba, har yau.

Kwanansa goma sha ɗaya bai kwana gida ba.

Talata, hantsi

Zakari gardi, ɗan sandan Faransi, ya zo. Tare suka yi wasan ƙasa da yarana. Yanzu yana da jar hula da bulala. Ya tsaya a zaure ya ce, "Inna Delu, ina kwana? Mushe bai dawo ba?"

"Ya tafi gaishe da 'yan'uwa."

"Waɗanne?"

"Muna da yawa."

Ya fito da takarda mai hatimi, ya ce kumandan yana son ganinsa, magana ce kawai a kan abin da ya faɗa a kasuwa kafin ƙuri'ar I ko A'a kan zama da Faransi. Ya riƙe takardar ƙafa sama kai ƙasa yana karanta mini. Na bar shi ya gama. Bai san na iya karatu ba, kuma gara haka.

Magana kawai. Haka aka ce wa mutum biyu na layinmu da suka ce A'a da ƙarfi. Matansu suna kai tuwo bariki, ana karɓar kwano, ba a gaya musu wa ya ci.

Da zai fita ya juyo ya ce, "Yaushe Sallau zai yi Kano da gyaɗa?"

Na ce ya tambayi Alhaji.

Talata, almuru

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Motar a kashe take, ina jinsa.

Laraba, bayan La'asar

Ga yadda aka shirya, in rubuta sau ɗaya. Mota za ta ɗauki gyaɗar Alhaji zuwa Kano. A Tirmini za ta tsaya shan ruwa kamar kullum, kusa da gidan ƙanwata Hauwa. Daga nan buhuna za su ƙaru da ɗaya, mai numfashi. Alhaji bai sani ba.

Na rubuta Tirmini. Bai kamata ba. Na goga da yatsa, sai ya ƙara fitowa.

Na ɗauki mayafi na zagaya wurin Ba Kyari. Babarbare ne, ya yi wa Faransi soja, can ya koyi ƙarfe.

"Wushe, Ya Delu. An ce kin zama likitar mota."

"Kai kuma an ce ka kurumce."

"Kunne ɗaya ne, na bar wa Nasara a yaƙinsu. Ɗayan nawa ne."

Ya sa Sallau ya tashe ta. Ya saurara, sannan ya ce a kawo masa muciya. Na koma na ɗauko tawa. Ya kafa bakinta a jikin injin, ya ɗora kunnensa mai lafiya a ɗaya bakin, yana matsawa kaɗan-kaɗan kamar ungozoma tana neman kan ɗa. Sai ya riƙa cire wayar buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, ƙarar tana nan. Ta biyu, tana nan. Ta uku haka. Da ya cire ta huɗu sai ta faɗa kamar an toshe mata baki. Ya mayar, ta dawo.

Ya miƙo mini muciyar ya ce, "Ji." Na ji. Ta biyo icen har cikin haƙorana.

Ya dubi Sallau. "Ɗan Baduku, yaushe rabonka da sauya mata mai?"

Sallau ya sunkuyar da kai. Tun kafin ƙuri'a, lokacin da aka yi ta jigilar mutane ƙauye-ƙauye. Ya ce yana dai ƙarawa.

"Allurar mai fa?"

"In ta yi zafi tana kwanciya."

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

Ba Kyari ya tofar da goro. "Uwarka ta ji ta bayan katanga, kai kana zaune a kanta."

Alhamis, hantsi

Ya tsiyaye man a kwano, ya tace shi da farin ƙyallen da nake tatar koko, ya kai ƙyallen rana. A cikin baƙin akwai wani abu mai ƙyalli, ƙanana-ƙanana, fari da ja.

Wasila ta ce, "Kai, kamar zinariya."

Ya ce, "Naman motar ne, 'yata. Kanta take ci."

Na ce ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce a cikin cikinta akwai wani karkataccen ƙarfe da yake juyawa, hannuwa shida suna riƙe da shi. Tsakanin kowane hannu da ƙarfen akwai wani ɗan ɓawo gida biyu, kamar ɓawon gyaɗa, na ƙarfe mai laushi. Sunansa kusine. Mai ne yake shiga tsakani don kada su ci juna. In man ya yi datti ko ya yi kaɗan, ɓawon ya siɗe, hannun ya fara bugu.

Na ce, "In aka ci gaba da tafiya fa?"

"Hannun ya karye, ya fasa cikin injin ya leƙo waje. Nan take tsayawa, ko ina ne. Ba ta tambayar ko wurin ya dace."

Ko ina ne.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Sun buɗe cikinta ta ƙasa. Ba Kyari ya fito da kusine na huɗu ya ɗora a tafin hannuna. Ya siɗe kamar ɓawon albasa, bakinsa duk ya yage. Ya ce ƙarfen da ke juyawa ma ya ji ciwo, ya bi shi da farce ya ji zane, amma bai yi zurfi ba.

Sallau ya zagaye Zango da Birni. Babu. Tsohuwar motar soja ce, irin nata sai Kano. Alhaji ya ce zai aika, wanda zai kawo ya ce sati uku.

Hauwa ta aiko mai kawo itace da ƙullin kuka da saƙo. Ta ce ragon da muka ba ta kiwo ba ya cin abinci. Ta ce gardawa sun gama Droum, suna buɗe rumbuna ɗaya-ɗaya, ba za su wuce kwana goma ba su iso.

Sati uku. Kwana goma.

Asabar, hantsi

Wasila ta ƙona kunu. Mun sha a haka.

Asabar, bayan La'asar

Ba Kyari ya yi sallama ya shigo zaurenmu. Tun rasuwar maigida bai taɓa ba. Ya zauna ya ce, "Ya Delu, ban tambaye ku komai ba, kada ku gaya mini komai. Amma na ga yaron nan yana kallon motar nan kamar mai ƙishi yana kallon rijiyar da ba guga."

Ya ce lokacin yaƙi, a cikin rairayi, motarsu ta yi irin wannan ciwo, kwana huɗu tsakaninsu da ruwa. Wani saje ya yanka ɗamarar fatarsa, ya sa a madadin kusine, ya ɗaure.

Na ce, "Ta kai ku?"

"Ta kai mu inda muke hangen dabino. Sauran da ƙafa."

Kafin in ce uffan Sallau ya ruga ɗaki ya buɗe akwatin ubansa ba tare da ya tambaye ni ba. Ya dawo da jar fatar akuya, irin wadda 'yan Kano suke rububi. "Inna, ga mafi kyau."

Na fizge ta. Na ce, "Wannan ta jaka ce da laya. Ido take yi wa kyau. Zafi ya taɓa ta sai ta zama danƙo. A gidan baduku aka haife ka ba ka san fata ba, shekara huɗu kana kan mota ba ka san mai ba. To me ka sani?"

Ban so na faɗa ba. Ya fita bai ci tuwo ba.

Abin da ake so ƙirgi ne na tsohon sa, daga gadon baya, wanda ya daɗe a ruwan bagaruwa. Akwai ɗaya a gindin akwatin. Shi ne na ƙarshe da maigida ya saya. Ya zana sawun yaran biyu a kai zai yi musu takalma, ciwo ya kama shi bai yanka ba. Shekara shida ban taɓa shi ba.

Gadon bayan yana daidai inda sawun babban yake.

Lahadi, Azahar

Na yanka.

Ba Kyari ya ciro kusine na uku, mai sauran lafiya, don in gwada da shi. Na wasa askar maigida. Shekara talatin ina zaune gefensa ina fere masa bakin fata, hannuna bai manta ba, idona ne ya rage. Na fere ta ɓangaren nama, na bar fuskar, don ita ce mai santsi, ita za ta kwanta a kan ƙarfen. Na huda wa mai hanya da basilla inda ya nuna mini.

Shi kuma yana kwance a ƙarƙashin motar da igiyar fata da garin dutsen washi, yana ja yana saki, yana goge zanen da ke jikin ƙarfen. Ya ce, "Baduku yana sama, makanike yana ƙasa. Da mijinki ya gani da ya ce na saci matarsa in koya mata sana'ar banza."

Na ce, "Da ya ce ka biya kuɗin ƙirgi."

Mun yi dariya. Sai muka dubi hanya.

Litinin, La'asar

Na farko ya yi kauri. Suka ɗaure, Sallau ya kama ƙarfen tashi ya murɗa da duk ƙarfinsa, injin ya ƙi juyawa. Ba Kyari ya ce in rage kaurin takardar sigari biyu.

Na biyu na wuce gona da iri. Ba Kyari ya kama hannun ya girgiza, ya yi motsi. Ya ce, "Wannan ba zai kai Tirmini ba." Ya faɗi sunan garin da kansa. Ba wanda ya gaya masa.

Na uku na yi shi tun hantsi har inuwa ta juya. Ina fere ina shafawa da leɓe, don leɓe ya fi yatsa jin tudu. Suka ɗaure. Sallau ya murɗa, ya juya da nauyi amma ya juya. Ba Kyari ya girgiza hannun, bai motsa ba. Ya ce a ciro a jiƙa a sabon mai, a bar shi a rana kwana biyu ya sha.

Sauran sawun bai fi diddige ba.

Sallau ya ga yatsuna, ya ɗebo man shanu ya shafa mini.

Talata, hantsi

Wasila ta same ni ina rubutu. Ta ce, "Inna, don girman Allah ki ƙona kayen nan da kike rubutu a ciki. In suka shigo bincike fa?"

Na ce waɗanda suke shigowa ba su iya karatu ba.

Ta ce, "Wanda za su kai wa ya iya."

Gaskiyarta. Na mayar da shi cikin buhun bagaruwa. Ban iya ƙona shi ba. In ban rubuta ba sai in faɗa wa wani, kuma takarda ta fi mutum riƙe baki.

Laraba, Azahar

Kwanon yana kan katanga a rana. Na leƙa shi sau tara. Fatar ta yi baƙi, ta sha.

Kwana biyar cikin goma sun tafi.

Alhamis, hantsi

An rufe cikinta, an zuba sabon mai. Sallau ya ce bismilla ya murɗa. Ta yi tari sau biyu, ta tashi.

Babu ƙwal.

Ba Kyari ya bi ta da muciyata daga gaba har baya. Ya miƙo mini. Na ɗora kunne a kan na huɗu, ban ji komai ba sai wani ɗan shu kamar numfashin mai barci. Allurar mai ta miƙe tsaye. Sallau ya yi tsalle ya rungume tsohon.

Ni ban ji daɗi ba. Da tana bugu na san inda ciwon yake. Yanzu ta yi shiru, kuma na san abin da ke ciki. Na san yadda fata take yi a kan wuta: ba ta kuka, tana ƙanƙancewa ne a hankali, sai ka ji ƙauri bayan an gama.

Zakari ya ɓullo ta lungu da bulalarsa a hamata. Ya tsaya yana saurare. Ya ce, "Ashe an warke. Ba an ce sati uku ba? Ina aka samo?"

Ba Kyari ya ce, "A Bornu muke shuka shi, bayan gida."

Zakari bai yi dariya ba. Ya dubi yatsuna da ke naɗe da ƙyalle. Ya daɗe yana duba.

Juma'a, La'asar

Ba Kyari ya ce wa Alhaji a yi mata rabin kaya. Alhaji ya ce motar da ta warke ba ta ɗaukar rabin kaya, ya sa aka loda har ta durƙusa. Sallau bai yi musu ba. Rabin kaya ba ya ɓoye komai.

Na ji tsohon yana karanta masa kamar mai wa'azi. Kada ya matsa mata. Kada ya bari ta yi gurnani a hawa. Duk rijiyar da ya gani ya tsaya ta huce. Idonsa a kan allura, in ta kwanta ya kashe nan take. In ya ji ƙauri, to an gama.

Sallau ya ce, "Za ta kai, Ba Kyari?"

"Tambayi uwarka. Ita ta san san."

Ya dube ni. Na ce sa ne mai ƙarfi. Abin da na sani ke nan.

Wasila ta ƙulla dakuwa da riga ɗaya a tsumma. Na so in aika da magana. Na ɗauki kiriyo, fensirin da nake rubutu da shi, na zauna, ban san yadda zan fara ba, don wasiƙa da suna ake fara ta.

Asabar, bayan Asuba

Sun tafi. Na tsaya a bakin zaure har sautinta ya ɓace wajen yamma. Babu ƙwal. Na saurara sosai. Babu.

Asabar, almuru

Yanzu sun wuce Takeita, in Allah ya so.

Lahadi, Azahar

Da na ƙara masa kaurin gashi ɗaya.

Litinin, hantsi

Zakari ya shigo ba sallama, su uku. Sun ɗaga tabarmi, sun zazzage akwatin maigida, sun leƙa randa. Ɗaya ya soka hannu a buhun bagaruwa, ƙaiƙayi ya kama shi, ya zare yana zagi.

Zakari ya ɗaga ragowar ƙirgin, ya leƙo ni ta ramin da na yanka. Ya ce, "Jiya mun buɗe rumbunan Tirmini. A na ƙanwarki mun sami tabarma da buta. Ɓera mai alwala ke nan."

Na ce Hauwa takan kwanta a can in zafi ya yi yawa.

Ya ce, "An buga waya Matameye tun Asabar, Inna. Duk motar gyaɗa sai an soke kowane buhu."

Ya ajiye ƙirgin a hankali, ya fita. Wasila ta zauna a inda take tsaye.

Talata, La'asar

Ba labari.

Laraba, La'asar

Ba labari. Wata mota ta wuce ta babbar hanya tana bugu. Na fita ba mayafi. Ba ita ba ce.

Alhamis, bayan Azahar

Sallau ya dawo a bayan motar gishiri. Shi kaɗai. Yana tafiya a karkace. Ba zan rubuta yadda bayansa yake ba.

Ya zauna, ya buɗe hannuna, ya sa mini wani abu baƙi, ƙanƙananne, mai tauri kamar ƙanzo. Na shinshina. Na san shi.

Ya ce ta wuce Tirmini da buhunta na ƙari. Ta wuce Takeita, ta wuce Kance, ta wuce Matameye, yana tsayawa a kowace rijiya. Rana ta yi tsaka allura ta fara rawa. Suna hangen tutar duwan, wurin 'yan kwastan na iyaka, sai ya ji ƙauri. Ya kashe. Gardawa suka hango su suka taho a ƙafa. Ya buɗe gaban motar, ya watsa wa injin ruwa, tururi ya turnuƙe, ya yi ta ihu yana zagin motar don su dube shi. Gefen hanya gonar dawa ce da ba a girbe ba.

Na ce, "Ka ga yayanka ya sauka?"

"Ban waiwaya ba, Inna. In na waiwaya su ma za su waiwaya."

Sun soke kowane buhu da ƙarfe. Sun sami rami a tsakiyar lodin, da ƙullin dakuwa. Sun riƙe shi kwana uku suna tambayar dakuwar wa. Ya ce tasa ce, yakan shiga nan ya yi barci. Da yammar ranar farko ya ga mahaya huɗu sun shiga dawar. Bai ga dawowarsu ba.

Ya ce, "Da ta kai bakin duwan da ransa a ciki za su soke shi. Fatarki ta san inda ta mutu."

Ban karɓi wannan ba. Fata ba ta san komai ba. Ni na fere ta.

Juma'a, hantsi

Ba Kyari ya juya ƙanzon a hannunsa ya ce, "Da cikakken kaya, har bayan Matameye. Ya Delu, ƙarfe ma ya ji kunya."

Alhaji yana ta faɗa, motarsa tana kwance a daji. Ba Kyari ya ce shi da kansa zai je Kano ya zaɓo kusine, don 'yan aike ba su san na huɗu da na uku ba. Tsoho ne, ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Ban ce ya je ba. Ban ce kada ya je ba.

Lahadi, almuru

Wasila ta wanke rigunansa duka, ta shanya, ta ninke. Jiya ma ta wanke su.

Talata, Azahar

Dawa tana da tsayi bana. Mutum zai iya ɓacewa a ciki. Mahayi kuma yana ganin inda kara yake motsi.

Laraba, hantsi

Zakari yanzu a ƙarƙashin tsamiya yake wuni. Yana gaishe ni da ladabi. Da sun kama shi, da bai zauna nan ba. Ko kuwa don sun gama ne yake da lokacin zama. Na juya wannan tun safe, kowane gefe daidai yake da ɗaya.

Alhamis, La'asar

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Babu mota a bayan katanga.

Asabar, bayan La'asar

Ba Kyari ya dawo. Na fita. Zakari yana zaune a kan tushen tsamiya, ya miƙe tun kafin tsohon ya sauke jakarsa.

Na ce, "Sannu da hanya. Ya Kano?"

"Kano tana nan, Ya Delu. Mutane da yawa, ba ka sanin kowa."

Bai dube ni ba.

Zakari ya ce a buɗe jaka. Ya zazzage: goro, riga, carbi, da wani ƙulli a takarda mai maiƙo. Ya warware. Sababbin kusine ne, suna ƙyalli kamar azurfa. Ya ɗaga su ɗaya-ɗaya yana leƙa bayansu, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Ya juya takardar, ya ga rubutu a cikinta, ya ce, "Wannan fa?"

Ba Kyari ya ce, "Wani ɗan kanti ne a Fagge ya naɗe mini. Sabon ɗauka ne, ba shi da aiki sai zane-zane. Ƙafarsa duk ƙaya, ko takalmi ba shi da shi, wai ubansa baduku ne."

Zakari ya yamutsa ta ya miƙo mini. "Inna, ga na hura wuta."

Na karɓa. Na yi tafiya, ban yi gudu ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na shimfiɗa ta a cinyata na goge da hannu.

Sunan ɗan farina ne da manyan baƙaƙe, da kiriyo, irin waɗanda ake yi wa mai koyo. A ƙasansu an ja layi, ba komai a kansa.

Na kira Wasila na nuna mata. Ta sa takardar a fuskarta, man ya ɓata mata goshi. Da ta fita na ɗauki kiriyona. Yatsun ba su gama warkewa ba. Ai ba kira ba ne.

Alkasum.